Ramin Mayik Ya Yi Mini Kaɗan a Mikisa: In Haɗa Kebul Ko In Sayi Babba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da kayan sauti da nake bayarwa haya a ƙauyukan da ke kewayen Ringim, ina kuma bin wani mawaƙi wurin biki da suna da majalisi. A jikin mikisata an rubuta canal 12, amma ramin mayik huɗu ne kawai. Mu kuwa akwai mawaƙi, 'yan amshi huɗu, masu kalangu biyu, mai ganga, mai gurmi, mai fiyano da sanƙira, ga wayar hannu da muke sa kiɗa kafin a fara. Wani mai gyara ya haɗa mini mayik biyu a kebul ɗaya, sai murya ta ragu, lasifika kuma ta kama yawan kuka. In ci gaba da haɗawa, ko dole sai na sayi babbar mikisa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka ƙara haɗa wani kebul, kuma kada ka yi gaggawar shiga motar Kano. Mikisar da ke hannunka za ta ɗauki mafi yawan mutanen nan idan ka sake rabon ramukan, ragowar kuma ƙaramar mikisa ta biyu ta ishe su. Babba tana da ranarta, zan zo kanta.

Fara da lambar nan 12. Masu ƙera mikisa kowane rami suke ƙirgawa. Canal ɗin da ka ga an rubuta 5/6 a kansa abu ɗaya ne, da abin ƙara murya ɗaya, sai dai yana da rami biyu, na hagu da na dama, su kuma suka lissafa shi biyu. Huɗu irinsa sun ba da takwas, a tara da na mayik huɗu, ga 12. Ba taka kaɗai ba ce: Behringer Xenyx 1202 mayik huɗu take ɗauka, Xenyx 802 biyu, Yamaha MG10XU huɗu. Ka ga ramuka ba su ƙare maka ba, akwai takwas a zaune. Wanda ya ƙare shi ne ramin kanon mai ido uku, da ake rubutawa XLR.

Me ya hana a cusa mayik a waɗancan takwas ɗin? Rashin ƙarfin abin da mayik ke fitarwa. Mayik na hannu irin Shure SM58 milibolt kaɗan yake bayarwa a magana, in mawaƙi ya ɗaga murya ya kai gomomi. Fiyano da wayar hannu da wata mikisa kuwa suna fitar da abin da ya kama daga sulusin bolt zuwa bolt 1.2 ko fiye, wato ninki ɗari ko ɗaruruwa. A bayan kowane ramin kanon akwai wata 'yar amfilifaya da ke ɗaga sautin mayik ya kamo sauran, ita kake murɗawa a inda aka rubuta GAIN. Ramukan LINE, wato waɗancan takwas ɗin, ba su da ita. In ka samo kebul mai kanon a gefe ɗaya da jak a ɗaya gefen ka sa mayik a can, za ka ji murya can ƙasa-ƙasa, ka ƙure komai, shuuu ya fi muryar yawa. Don haka na'urar da ke da wutarta ta tafi LINE, a bar wa mayik kanon.

Mai fiyano shi ne na farko da za ka tasa daga kanon in yana can. A bayan fiyanon nemi ramin da aka rubuta L/MONO ko L/L+R, ka ɗauko da kebul mai jak a kowane gefe, ka sa a ramin hagu na 5/6, wanda shi ma galibi MONO ke rubuce a kansa. Mikisa za ta raba shi ga lasifikun hagu da dama. Ƙananan fiyano irin jerin PSR-E na Yamaha rami ɗaya gare su, PHONES/OUTPUT. Wannan yana son jak mai baƙin zobe biyu wanda ya rabu gida biyu a ɗaya gefen, ka cike hagu da dama na canal ɗin. In ka sa masa jak mai zobe ɗaya ka toshe ɓangaren dama ke nan, wasu sautukan za su ragu. Kebul irin wannan kada ya wuce mita biyar ko shida, don bayan haka yana kwaso gurnani. Wani zai ce ka sayi akwatin DI, mai karɓar jak ya fitar ta kanon, ya yi maganin nisa. Gaskiyarsa, amma DI a ramin kanon yake ƙarewa, abin da kake tattali ke nan. Ka matso da teburin mikisa kusa da mai fiyano, ya fi sauƙi.

Sanƙira dama yawo yake cikin jama'a, shi ya fi kowa dacewa da mayik mara waya. Akwatin da ke karɓar sautin yana da ramin jak a baya. Daga nan zuwa hagun 7/8. In akwai makunni mai MIC da LINE a jikin akwatin, tura shi LINE. In kuma canal ɗin mikisarka yana da maɓallin +4 da -10, gwada -10, shi ya fi jin ƙaramin sauti. Akwatin da ke zuwa da mayik biyu yakan zo da rami guda da aka rubuta MIX, mai fito da su biyun a haɗe, kowanne da abin murɗawarsa a gaba. Ka samu mayik biyu ke nan ba ka taɓa kanon ba: ɗaya na sanƙira, ɗaya na mai buɗe taro da addu'a da masu jawabi. Sai dai kada a haɗa mawaƙi da sanƙira a wannan rami. Mawaƙi yana son eko da gyaran murya nasa na kansa, sanƙira kuwa in ya sha eko ba a gane sunayen da yake kira, alhali don su aka ɗauko shi.

Wayar hannu ta tafi 11/12 da kebul mai ƙaramin jak irin na iyafis a gefe ɗaya, manya biyu a ɗaya gefen. Akwai kuma wasu ramuka biyu, ja da fari, masu rubutun TAPE IN ko CD ko 2TR IN. Su ma suna karɓar waya, sai dai a ƙananan mikisoshi da yawa ba su da abin rage murya, daga wayar za ka riƙa yi. Sa ta a yanayin jirgi kada kira ya shigo duk gari ya ji, ka kuma cire ta daga caji, don cajar da ke kan janareta tana shigo da ƙara.

Saura masu buƙatar kanon. A nan sai an daure an saɓa wa wata al'ada, ta cewa kowa yana son a ga mayik a hannunsa. Yawan mayik ba ya ƙara wa taro ƙarfi, rage shi yake yi. Duk lokacin da ka ninka adadin mayik da ke buɗe, iyakar da za ka iya ɗaga murya kafin lasifika ta yi kuka tana sauka da kusan desibel 3 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne). Daga biyu zuwa huɗu ka yi asarar 3, zuwa takwas ka yi asarar 6, kuma kowannensu yana kwasar ganga da hayaniyar yara da ƙugin janareta yana zubawa cikin waƙar. 'Yan amshi huɗu mayik biyu ya ishe su, mutum biyu a kowanne, a kan sanda ba a hannu ba, su tsaya kafaɗa da kafaɗa, bakinsu bai fi taƙi ɗaya daga mayik ba. Haɗa masu ƙarfin murya tare. In ka haɗa mai babbar murya da mai siririya zai danne shi, sai dai ya riƙa ja da baya kaɗan. Tsakanin sandunan biyu a bar aƙalla ninki uku na tazarar baki da mayik: in baki yana santimita 20, sanduna su yi 60 ko fiye. In sun matsu, murya ɗaya tana shiga duka biyun da ɗan bambancin lokaci, sai amshin ya fito kamar daga cikin bututu. Lasifiku kuma su kasance a gaban layin mawaƙa suna kallon jama'a, ba a bayansu ba.

Gurmi ba shi da ƙarfi, dole ya samu nasa. A saita mayik kusa da fatar, tazarar yatsa huɗu zuwa taƙi, a juya bayan mayik ɗin wajen makaɗa. Akwai ɗan fikof da ake manna wa kayan tsirkiya. In yana da 'yar amfilifayarsa mai batirin bolt 9 zai shiga LINE lafiya, in kuwa tsuransa ne sautin zai fito siriri ba nauyi.

To ga kanon huɗu sun cika: mawaƙi a 1, amshi a 2 da 3, gurmi a 4. A taron ƙofar gida, inda jama'a suka kewaye makaɗa, wannan ya wadatar, don kalangu da ganga suna kai kansu. Mai neman taimako shi ne mawaƙin da suke dannewa. Sai a babban fili, filin firamare ko dandali, inda lasifika ke jefa murya nesa kiɗan kuma ya tsaya a kusa, na baya su ji waƙa ba kiɗa. Nan ne kake buƙatar ƙarin kanon uku.

Kafin mu je inda za a samo su, ga abin da ya faru da kebul ɗin da aka haɗa maka. Mayik biyu a kebul ɗaya, sautin da ɗaya ya fitar wani kaso yana zubewa cikin ɗan'uwansa maimakon ya isa mikisa. In iri ɗaya ne, kowanne yana rasa kusan rabin ƙarfinsa, desibel 6 ke nan, raguwar da ka ji. Sai ka ƙara GAIN don cike giɓin, kuma ba ka da halin rage wanda ke fuskantar lasifika ka bar ɗayan, ga kuka. In ba iri ɗaya ba ne, ɗaya ya rinjayi ɗaya. In mai solda ya juya waya ta 2 da ta 3 a ɗaya daga cikin bakunan, duk sautin da ya shiga mayik biyun tare zai riƙa cinye kansa, nauyin murya ya tafi. Sannan mayik masu makunni a jiki, galibinsu in an kashe su haɗe waya ta 2 da ta 3 suke yi. Ɗan amshi ya kashe nasa zai yi tari, na abokinsa ma ya mutu, a yi ta neman laifi a mikisa. Wannan haɗi ba ya ƙona komai in mayik ɗin dainamik ne, irin na hannu da ba ya cin wuta, shi ya sa ranar da aka rasa yadda za a yi ana iya lallaɓawa da shi a kan mayik biyu iri ɗaya marasa makunni. Da mayik kondensa, mai cin wutar 48V da mikisa ke ba shi ta kanon, kada a gwada.

Wanda ya fi wannan muni shi ne a murɗe wayoyin fiyano da na wayar hannu wuri ɗaya, ko hagu da daman na'ura guda. Kowane ɓangare yana tura wuta cikin ɗaya, sauti ya fashe, wani lokaci sashen fitar da sautin ya lalace. Kebul mai reshe an yi shi ne don raba abu ɗaya gida biyu. In tarawa ta zama dole, mai gyaran rediyo ya sa razista mai om 1,000 a kan kowace waya mai ɗauke da sauti kafin mahaɗar, ya haɗe wayoyin at (earth) kai tsaye. Razista biyu ne da ɗan dalma.

Hanyar da ta dace ita ce mikisa ta biyu mai kanon huɗu, ta tattara wasu mayik ta miƙa wa taka a matsayin abu ɗaya. Bari in kira taka uwa, sabuwar kuma ƙarama. Huɗu da huɗu takwas ke nan, canal ɗin LINE ɗaya kawai ka bayar. Ba lallai su zama na kamfani ɗaya ba, kuma ƙaramar ba ta buƙatar eko ko Bluetooth ko rediyo. Ta mai hayar kaya a garin gaba ma ta yi, in za ku riƙa ara wa juna. Makaɗa za ka kai can: kalangu biyu da ganga, rami ɗaya ya zauna na ko-ta-kwana. Dalili kuwa, da zarar an daidaita su da juna ba a cika taɓa su ba, sai dai a ɗaga su gaba ɗaya in an shiga rawa, a sauke in mawaƙi zai yi magana, kuma duk wannan abin murɗawa ɗaya ne a kan uwa. Muryoyi su zauna a uwa, inda eko yake, inda kuma hannunka ke kai-komo dukan dare. Mai kalangu ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana bin mawaƙi yana juyi. Ko dai a shata masa wuri ya tsaya gaban sanda, ko a nemo ƙaramin mayik mai maƙalewa a bakin kalangun. Irin waɗannan da yawa kondensa ne, sai ka tabbatar ƙaramar tana ba da 48V.

Haɗin kansa: daga MAIN OUT na ƙaramar zuwa 9/10 na uwa. Kebul ɗaya ya isa. Bar PAN, abin murɗawar da ke karkata sauti hagu ko dama, na kowane canal na ƙaramar a tsakiya, ka ɗauka daga ramin hagu, ka sa a hagun 9/10. In PAN ɗin wani ya karkata dama wannan makaɗin ya ɓace, shi za ka fara dubawa in an ce ba a jin mutum ɗaya. Maɓallin +4 da -10 na wannan canal ya tsaya a +4. A ajiye su a tebur ɗaya da kebul na mita ɗaya ko biyu, jak na yau da kullum ya yi. In kana son ƙaramar ta zauna can kusa da makaɗa don rage dogayen kebul, to sai ta kasance mai fitar da sauti a tsarin balans, wanda ke jure dogon kebul ba gurnani, da jak mai zobe biyu a kowane gefe, sannan ka tuna duk gyara sai ka taka.

Kada ka kai MAIN OUT cikin ramin kanon na uwa, ko da bakin kebul ɗin ya shiga daidai. Ramin yana jiran milibolt ka kawo masa bolt. Fitilar PEAK za ta tsaya ja, sauti ya fashe ko da ka sauke feda, wato abin ƙara muryar canal, domin fashewar ta auku tun kafin a zo kan fedar. Sannan in 48V a kunne take, kuma a ƙananan mikisoshi maɓalli ɗaya ne ke kunna ta ga dukan ramukan, za ta bi kebul ta koma cikin ƙaramar. In babu mafita, kashe 48V, danna PAD in akwai, wanda a jerin MG na Yamaha desibel 26 yake ragewa, ka fara da GAIN a can ƙasa.

Saitin yana da tsari, a yi shi tun ba a cika ba, amfilifaya a ƙasa. Fara da ƙaramar. Kai MAIN ɗinta kan 0, wasu U suke rubutawa. Kai LEVEL na canal ɗin farko kan 0 shi ma, GAIN a ƙasa. Ka ce mai kalangu ya kaɗa yadda zai kaɗa in an fara liƙi, ba taɓa-taɓar gwaji ba, kana ɗaga GAIN har fitilun su riƙa kaiwa 0, ja ba ta kamawa sai ƙyaftawa jefi-jefi. Danna LOW CUT, mai yanke abin da ke ƙasa da 75 ko 80 Hz, a kan kalangu da dukan muryoyi, yana rage bugun iska da ƙugin sanda. Babbar ganga ka bar mata nauyinta. Yi wa sauran haka ɗaya bayan ɗaya, sannan su kaɗa tare. Tare za su haura 0, sai ka ɗan sauke LEVEL na kowanne kana daidaita su da kunne. Daga nan ka koma uwa, ka ɗaga 9/10 har kiɗan ya zauna a ƙarƙashin muryar mawaƙi, eko na wannan canal a rufe. Kurakuran da aka fi yi biyu ne. Ko ƙaramar tana ƙasa sosai uwa a ƙure, shuuu ya cika lasifika. Ko ƙaramar tana ja-ja uwa a ƙasa, kiɗa ya fito a fashe a ce lasifika ce ta yage.

Ga gargaɗin da ya fi duka tsada. Da yawa daga cikin mikisoshin da ke yawo a ƙauyukanmu masu amfilifaya ne a ciki, kuma a bayan wasunsu ramin SPEAKER jak ne iri ɗaya da na LINE. Amfilifaya mai wat 200 a kan lasifika mai om 8 tana fitar da bolt 40. Ramin LINE kuwa ko bolt 10 yana neman fin ƙarfinsa. Ka haɗa su, canal ya ƙone, wataƙila har da amfilifayar. In irin wannan ce za ta zama ƙarama, ɗauki sauti daga REC OUT ko LINE OUT ko PRE OUT. In ɗaya ce kawai mai amfilifaya a cikin biyun, ita ce uwa. Sauti kuma hanya ɗaya zai bi, daga ƙarama zuwa uwa. Kada wani kebul ya dawo daga uwa zuwa ƙaramar, zai zagaya ya haifar da ihun da ke kashe tuwita, ƙaramar lasifikar siririn sauti, nan take.

Batun wuta: mikisoshin biyu da fiyano da akwatin mayik mara waya su sha daga ekstenshan ɗaya. In ɗaya tana kan janareta ɗaya kuma kan wutar maƙwabci ko inbata, bambancin at ɗinsu zai bi kebul ɗin sauti, ka ji gurnanin 50 Hz wanda ba ya tafiya ko an rufe dukan mayik. In ya zo duk da haka, cire kebul ɗaya-ɗaya har ka gano mai kawo shi, ka sa masa ɗan taransifoman sauti mai raba at, ko DI mai makunnin GROUND LIFT. Kada a karya haƙorin at na fulogi don neman shiru, shi ke tsakanin leɓen mawaƙi da shokin. Ƙaramar mikisa irin waɗanda na ambata ba ta cin wat 30, ba ita za ta nauyaya wa inji ba. Amfilifaya ce ke ja, kuma a kan ƙaramin janareta duk bugun ganga wuta tana faɗuwa, sai ka ji eko yana ɗaukewa ko mayik mara waya yana yankewa. Sitabilaiza tana gyara wutar da ke hawa da sauka a hankali, amma ba ta maganin injin da ya yi wa kayan kaɗan. Adaftar kowace mikisa tata ce, ba a musanya su ko da bakin ya shiga. A tada inji ya daidaita, a kunna mikisoshi, amfilifaya a ƙarshe. Wajen kashewa ita ce ta farko.

Tsarin yana da iyaka. Uwa tana ganin makaɗa uku a matsayin mutum ɗaya, don haka in mawaƙi yana da lasifikar ƙasa da yake jin kansa da ita, ya ce a ƙara masa kalangu ban da ganga, AUX na uwa, ramin da ke aika sauti ga lasifikar ƙasan, ba zai iya ba. A ƙaramin wasa wannan bai cika damu ba, tunda makaɗan a gefen kunnensa suke. Sannan ka kula da wani ɗan akwati mai rami huɗu da ake samu da sauƙi, irin Behringer MX400. Na LINE ne zalla, ba ya ɗaga mayik. Yana da amfani ga mai fiyano biyu da waya, amma ba ciwonka ba ne.

Yaushe babba ta zama dole? In kusan kowane aiki kana wuce mayik takwas, ko kana yi wa masu mandiri aiki lokacin Maulidi inda sha'irai ke karɓa-karɓa kowa da 'yan amshinsa, ko ana son lasifikar ƙasa biyu kowacce da nata haɗin. A wannan matsayi mikisa biyu wahala ce. Ƙirga kanon ɗin da babban aikinka ke ci, ka ƙara biyu ko uku, ka tafi kasuwa da wannan lamba, ba wadda ke jikin kwali ba. A jerin Yamaha, MG12XU shida take ɗauka, MG16XU goma, MG20XU 16. Ka lura daga MG10XU zuwa MG12XU kanon biyu kawai aka ƙara, bai kai mutum ya sayar da tsohuwa ya yi ciko ba. Masu dijital irin Behringer XR18 suna da 16 a ƙaramin akwati, da eko da komai a ciki, amma ba su da feda ko ɗaya, da waya ko tabilet ake sarrafa su ta Wi-Fi, kuma in wuta ta ɗan ɗauke sai sun sake tashi, jama'a na jira shiru. Wanda ba shi da inbata ko UPS da zai ɗora ta a kai, ni a ganina ya zauna kan mai feda. In ka sayi babbar ma kada ka rabu da tsohuwar, ita za ta zama ƙaramarka ranar babban taro.

Ko ƙarama ko babba, in za ka shiga Sabon Gari a Kano ka tafi da mayik ɗinka, da kebul ɗin da ka yarda da shi, da hedifon. Akwai na jabu masu ɗauke da sunayen manyan kamfanoni, akwai kuma na hannu da suka sha aiki, araha kuwa ba ta ado. Gwada kowane ramin kanon da kanka, kada ka tsaya kan biyun farko da aka nuna maka. Kana magana kana murɗa GAIN da LEVEL a hankali daga ƙasa zuwa sama. In kana jin ƙaras-ƙaras ko murya tana ɗaukewa a wani wuri, ko ƙura ce ko abin murɗawar ya cinye. Girgiza bakin kebul a cikin ramin ka ji ko yana yankewa. Juya PAN hagu da dama ka ga fitilun ɓangarorin biyu suna amsawa. Rufe dukan canal, ka ɗaga MAIN, ka saurara a hedifon: shuuu kaɗan ba laifi, gurnani laifi ne. Ita 48V sai da mayik kondensa, ko da mita a auna tsakanin ido na 1 da na 2 na ramin.

In ka kawo ta gida, ƙurar hunturu ce ke kashe canal ɗaya bayan ɗaya har a wayi gari huɗu sun koma biyu. A rufe mikisa da ƙyalle in ba a aiki, ramukan da ba a amfani da su a liƙe su da tef, wanda ya fara ƙaras-ƙaras a cire wuta a fesa masa maganin wanke kontak na gwangwani, ban da man inji ko kananzir. Sannan ka manna farin tef a ƙasan canal-canal ɗin duka mikisoshin biyu ka rubuta sunan kowa, don yaron da zai riƙe maka in ka tashi salla ya san wanda zai rage in lasifika ta fara kuka.